Telan da ya daina kallon matarsa

Malam Badruddeen tela ne a Ƙofar Dumi, kuma shi ke yanka likkafanin unguwar. Ba wanda ya naɗa shi. Aikin mahaifinsa ne, ya tashi ya tarar da almakashin. In aka yi rasuwa sai a kawo masa farin alawayyo da karan da aka auna mamacin da shi, ya yanka, ya ɗinka, a ce Allah ya ba da lada. Ya daɗe yana yi har idonsa ya ƙware, karan ya zama na cika al'ada kawai.

Wata rana amininsa Ikrima ya zo awon kaftani. Yana tsaye hannuwa a buɗe, yana tsokanarsa cewa wandon bara ya fito kamar na aro, sai zuciyar Badruddeen ta lissafa masa alawayyon da zai ishi Ikrima. Ya yi a'uziyya, ya ci gaba da awo. Kafin kaftanin ya sauka daga keken ɗinki, mota ta kife da Ikrima a hanyar Jos. Badruddeen ya yanka likkafanin bai ko dubi karan ba, ya kuma yi daidai.

Tun daga nan ya ɗauka cewa duk wanda idonsa ya auna, tasa ta ƙare. Ya san mai kashewa da rayawa ɗaya ne, da bakinsa yake faɗa wa mutane haka a zaman makoki. Sanin bai hana shi sunkuyar da kai ba. Ya daina awo, ya ce kowa ya kawo tsohuwar rigarsa. In ido ya kuɓuce masa ya hau kan mutum, sai ya tashi ya wanke fuska, ya maimaita addu'a har sai ya ji lissafin ya goge, daga baya ya bi ta ƙofar gidan mutumin ya saurara ko ana kuka. Unguwa ta yaba. Aka ce Malam ya ƙara tsoron Allah, ga kawar da kai, ga zumunci.

Matarsa Ni'ima ce ba ta yaba ba. Ita ya fi gudu, don ita ya fi tsoron rasawa. Ya san takalmanta sarai, fuskarta kuwa ta fara ɓace masa. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi har labule ya canja launi.

"Baban Zubaida," ta ce masa wata safiya, "in na tsufa ne ka faɗa mini. Ko ƙafafuna ka aura?"

Ya faɗa mata gaskiya, yana kallon tabarma. Ta ce, "To ni dai ba zan zauna da mijin da ya riga ya yi mini takaba ba. Ko asibiti, ko gidanmu."

A asibitin aka tura su sashen da mutane ke wucewa da sauri kada a gan su. Can suka sami Madam Liatu, ƙwararriya kan damuwar zuciya, wadda maganinta magana ce. Yana shiga idonsa ya auna ta, ya kuma ga wajibi ne ya sanar da ita.

"Yadi nawa?" ta tambaya.

Ya faɗa.

"Ka yi mini rowa, Malam. Ka dawo mako mai zuwa ka gani ko ina nan."

Ya dawo, tana nan, har da mura. Ta bayyana masa cewa ciwon sananne ne. Tunani ne ke faɗo wa mutum ba da sonsa ba, wanke fuskar da zagayen gidajen kuma su ke ciyar da shi. Ta sa shi ya fara kallon masu wucewa ba tare da ya tashi wanke fuska ba. A cikin watannin mutum biyu suka rasu a unguwar, kuma duk cikin waɗanda bai kalla ba ne. Wannan ya ɗan ɓata masa lissafi.

Aiki na ƙarshe da ta ba shi shi ne ya ɗinka wa Ni'ima rigar Sallah, da awon hannunsa.

Ta tsaya a tsakar gida da hantsi, hannuwa a buɗe, yadda Ikrima ya tsaya. Ya ɗora tef ɗin awo a kafaɗarta. Lissafin ya zo nan take, farin alawayyo, yadi kaza. Butar da yake wanke fuska da ita tana kusa da ƙafarsa. Bai taɓa ta ba. Ya ɗaga kai, ya ga furfura a goshinta wadda bai san lokacin da ta fito ba.

"Ka gama, ko sai na bushe?" in ji ta.

Rigar ta fito hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, don hankalinsa na kan fuskarta lokacin awon. Ta sa ta haka ta je Idi, ta hana a gyara.

Har yanzu shi ke yanka likkafanin Ƙofar Dumi, kuma lissafin bai daina zuwa ba. In Ni'ima ta yi barcin rana, yakan tsaya a bakin ƙofa ya dube ta har sai ya ga zaninta ya motsa da numfashi, sannan ya koma kan kekensa.