Ranar da Iya ta Hau Babur

Ni ban taɓa zama a bencin makaranta ba, amma abin da ya shiga kunnena sau ɗaya ya zauna ke nan. Yadda na ji labarin nan haka nake faɗarsa, jikata tana rubutawa. In wani abu ya ragu, laifin alƙalaminta ne.

A gidanmu na Ƙofar Jatau, sa'ad da nake 'yar shekara tara ko goma, tsakanin Magariba da Isha'i lokacin Iya ne, kakata ta wajen uba. Takan zauna kan 'yar kujerarta a gindin murhu tana jiran tuwo ya sulala, mu jikoki mu kewaye ta, kowa yana miƙa ƙafa wajen garwashi. Tana da tatsuniyoyi kamar kowace tsohuwa, amma akwai wani labari da ba tatsuniya ba, shi muka fi roƙo. In za ta fara shi sai ta gyara ɗankwali ta ce, "Ku hau."

Mu ce, "Mun hau."

"Ku riƙe ƙarfe, ban da rigar mutane."

Labarin ranar da ta hau babur ne. Mai babur ɗin mahaifina ne, ɗan farinta. Malamin gona ne. Ya rasu ina da shekara shida, ciwon ciki na kwana uku. Kun dai san kunyar ɗan fari, to ta Iya har a unguwa ana misali da ita. Tun da aka yaye shi aka miƙa wa gwaggonsa. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa tana kallon bango. Ranar da aka fita da gawarsa tana tsintar shinkafa, ba ta ɗaga kai ba. Mata suka yi ta yabon ta.

Ga yadda abin ya faru. A ƙarshen wata damina saƙo ya zo cewa ƙanwarta tana kwance rai a hannun Allah, a wani ƙauye bayan dutsen Kufena. Hanya ta yi laka, mota ba ta shiga, kuma babu namiji a gida sai shi. Ya aiko a gaya wa Iya babur yana ƙofar gida. Ta ce a gaya wa babur ba ta hawa. Da hantsi ta yafa mayafi ta fito.

"Na zauna a kaikaice," in ji ta, "na damƙe ƙarfen baya. Tsakanina da mai tuƙi sai a ajiye ƙwaryar fura. Muka bi lunguna, warin marina yana bin mu, muna fita ganuwa iska ta tarye ni. Ku ba ku san iska ba. Wadda ke shigowa tsakar gidan nan ta gaji kafin ta iso. Waccan ɗanya ce, ta cika mini mayafi kamar za ta ɗauke ni, sanyinta har cikin haƙori."

Sai ta ɗauke mu ta wuce da mu unguwar Tukur-Tukur, ta shiga gonaki. Dawa ta fid da kai, ganyenta yana marin gwiwarta, da sauran raɓa a jiki. Taya ta take ɗoɗɗoya, ƙamshin ya tashi. Suka wuce inda ake dafa mazarƙwaila, tururin ruwan rake ya manne mata a hanci har zango guda. Ga balbela fari fat a bayan shanu. Ga dutsen Kufena ruwa yana tsiyaya a jikinsa, yana ƙyalli kamar an shafe shi da man gyaɗa. Ta ce shekara arba'in tana hango shi ta saman katanga, ba ta san yana da ɗumi ba sai da suka bi ta gindinsa.

A gida akwai yaran da ake aika tsakaninsu. A hanya babu kowa. Saboda haka sai ta yi magana da babur.

"Na ce, babur ɗin nan ya rage gudu. Sai na ji an ce, babur ya ji. Can na ce, babur ɗin nan bai karya ba ya fito. Aka ce, babur ya sha koko."

Asabe, 'yar baffana, takan ce, "Iya, ashe kin iya yaren babur?"

"Na iya na jakai ma, ga shi ina magana da ke."

Daga nan sai wajen rafin. Taya ta zame a laka, babur ya yi gefe, ta saki ƙarfe ta rungumi mai tuƙi. Ya daidaita ya ci gaba. Ita kuma ba ta koma ga ƙarfen ba. "Ya yi santsi," haka take cewa kullum, da sauri, tana gyara itace. Ƙanwarta ta samu sauƙi, suka juyo bayan La'asar, kuma ƙarfen bai daina santsi ba sai da suka hango ganuwa. A nan ne take tafa hannu ta ce, "Ku sauka, mai ya ƙare."

Sauran yara iska da mazarƙwaila suke zuwa ji. Ni mai tuƙi nake zuwa nema. Fuskarsa ta fara ɓace mini, uwata ta yi aure a Kaduna, kuma babu mai ambatarsa a gidan saboda Iya. Abu guda nake so, in ji sunansa a bakin wadda ta haife shi.

Wata rana na yi ƙarfin hali. Tana cikin rafi na katse ta. "Iya, wane ne mai tuƙin?"

Asabe ta mintsine ni. Iya ta amsa tana kallon tukunya.

"Wani mutum ne mai faɗin baya," ta ce. "Yana da ɗan baƙin tabo a ƙeya, ƙasan hula. Rabona da ganin tabon nan tun ina yi masa wanka a kasko. Ranar na kalle shi tun daga ganuwa har ganuwa, babu mai ganina, shi ma ba ya ganina."

"Sunansa fa?"

"Tuwo ya kama," ta ce, ta tashi. Ba mu sauka daga babur ba ranar.

Ta ƙara shekara huɗu a duniya, ta ba da labarin ya fi a ƙirga, ba ta faɗi sunan ba. Na riƙe ta a zuciya, ba zan ɓoye ba. Sai da na girma na gane makokin da ba ta yi a gaban mata ba shi take yi a gabanmu, da yamma, a gindin murhu, mu muna dariya.

Kada ku ɗauka na yi hankali da wuri. Da na haifi nawa ɗan farin, ni ma bango na kalla, shekara talatin da 'yan kai, kuma an yabe ni na ji daɗi. Bara ya kira ni a waya daga Kaduna. Yana cikin gaisuwa, ban san daga inda ta fito ba, na ce, "Habibu." Sunan mahaifina aka sa masa.

Sai ya ce, "Inna, me likita ya ce?"

Na ce babu wani likita. Bai yarda ba. Kafin Azahar ga shi a ƙofar ɗakina, ya durƙusa inda ya saba, idanunsa ja, yana tambayar yara me ake ɓoye masa. Na so in ce ya matso. Sai na ji bakina yana cewa a kawo wa baƙo ruwa.