Uwar Maƙera a Ƙarƙashin Tebur

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Afrilu, da hantsi, akawun ma'aunin motoci ya fara ganin mutumin da direbobi ke kira Kawu Sannu-sannu. Manyan motoci kaɗai ake tsayarwa su hau sikelin nan. Shi kuwa da kansa ya kawo kansa, tsohuwar a-kori-kurarsa tana jan tirela, an ɗaure wata ƙaramar mota a kai.

"Ai ba a tsayar da irinku, Kawu," in ji akawu ta taga.

"Na sani, malam. Takarda ta gaya mini nauyin motar, amma ba ta gaya mini abin da mai ita ya cusa a ciki ba."

Tun daga nan ya zama ɗan gida. Sana'arsa ke nan, ɗaukar motar da ta mutu zuwa inda mai ita yake so. Jikin tirelarsa akwai farantin ƙarfe da aka buga iyakar nauyinta, kilo dubu biyu, kuma kullum sai ya goge shi da hannun riga. Yakan ce ja ba ya wahalar da mota, tsayawa ce aikin, ga shi kuwa gaba da ma'aunin akwai gangara mai tsawo.

A shekara ta shida ya zo da wata dattijuwa a gaban mota. Matar wansa ce. Wan nasa maƙeri ne, ya rasu, an sayar da gidan, za ta koma wurin 'yarta, Kawu kuma yana jan motar marigayin. Akawu ya dubi allo, ya sake duba.

"Kawu, tirela ta haura da kilo casa'in."

Kawu ya sauko, ya buɗe but ɗin motar marigayin. Ƙarƙashin wani tsohon bargo ga uwar maƙera zaune, ƙaton ƙarfen da ake dukan ƙarfe a kai, da guduma uku a gefenta.

"Yaya," ya ce, "kin ce mini filo ne."

"To filo ne mana. Wan naka ya fi kwana a kanta fiye da kan gado."

Akawu ya danne dariya, ganin idonta ya kawo ruwa. Ta ce shekara arba'in da ƙarar wannan ƙarfe take tashi. In ta bar shi, masu sayen tsohon ƙarfe za su narka shi kafin mako ya fita. Kawu ya dubi bayan a-kori-kura: gado, akwatuna, keken ɗinki. Ita ma ta cika iyakarta.

Dattijuwar ta tattara zane, ta taka ta hau kan sikelin.

"Ɗana, auna ni. Ni sai in bi bas, ita ta tafi."

"Sittin da biyu, Inna."

"Kin gani," in ji Kawu, "ko an haɗa da bakinki ba ki kai ba."

"Ji marar kunya! Ni na yaye ka daga cin ɗanyen wake a gidan wan naka."

Kawu ya durƙusa gabanta, ya yi ƙasa da murya. Ya ce in ya sauka gangarar nan da nauyin da ya fi ƙarfin birki, tirela ce za ta tuƙa su, kuma ba zai iya zuwa ya gaya wa 'yarta ya kawo ƙarfe ya bar uwa a hanya ba. Ta shiga murza gefen bargon.

Akawu bai saba ajiyar kayan kowa a ofis ba. Amma ya janye kwandon shara daga ƙarƙashin teburinsa, ya ce akwai wuri. Da ƙyar su biyu da wani direban tanka suka ciccibo ta. Akawu ya rubuta kwanan wata a kati, ya ɗaura da zare, ya ba dattijuwar rabin katin. Ita ta lulluɓe ta da bargon, ta soke gefe da gefe yadda ake wa mai barci.

"Kada ka ɗora mata ƙafa," ta ce.

Kwana uku akawu yana aiki a karkace. Ranar Juma'a Kawu ya dawo da tirela fanko, ya ɗaure uwar maƙera a tsakiya da igiya huɗu, ya kai ta.

Ya ƙara shekara tara yana sana'ar, ba a taɓa kama shi da laifin nauyi ba. Da idonsa ya raunana sai ya sayar da tirelar, ya koma garin da matar wansa take, kusa da su. A can ya rasu, a farkon damina, bayan jinyar mako biyu.