Kariyar da Kawu Maharazu Ya Hana wa Ruwa

Kawu Maharazu mutumin Bichi ne, manomin rani, gajere, ba ya son hayaniya. A shekarar 2017 ya sauka Dubai, wani kamfani ya kai shi aikin lambu a gidan wata dattijuwar Balarabiya da ke bakin teku. A unguwar Al Qusais yake kwana tare da sauran ma'aikata, motar kamfani ta kwaso su da sassafe.

Watannin farko ya ji jiki. Lambun cike yake da tsirran da bai taɓa gani ba, sunayensu ma sun ƙi zama a bakinsa. Sai ya riƙa murza ganye yana shinshinawa, yana raɗa musu nasa sunan: wannan ƙanwar lalle, waccan mai kunnen jaki. A hankali ya gane iskar tekun da gishiri take tafe, masu laushin ganye sai a bayan katanga.

A bakin ƙofa akwai wata guntuwar bishiya cikin babbar tukunya, mai kumburarren gindi. Marigayi mijin Hajiyar gidan ne ya dasa ta da hannunsa. Ganyenta ya yi rawaya, gindin ya soma laushi. Shugaban ma'aikata ya nuna wa Kawu ita ya ce, "Ruwa safe da yamma. In ta mutu a hannunka, khalas, babu sabunta biza." Ga 'ya'ya huɗu a gida suna makaranta da guminsa.

Kawu ya durƙusa, ya karci reshe, wani ruwa mai danƙo ya tsatso. Ashe kariya ce! Irin wadda kakarsa Turai ta dasa a iyakar gona, ko akuya ba ta kallonta. Turai takan ce, "Kariya ba ta son gata. Ka shagwaɓa ta, ta ruɓe. Ka manta da ita, ta yi maka ado da tsakar rani." Nan kuwa ga laimar teku, ga ruwa sau biyu kullum.

Ya zazzage jiƙaƙƙiyar ƙasar, ya zuba yashi mai tsakuwa, ya ja tukunyar rana, ya ɗauke mata ruwa ɗungum. Cikin mako guda sauran ganyen ya zube.

Sabo direban gidan, Bazazzagi ne, bai bar shi ya sarara ba.

"Kai Bakano, an ce ka shayar, ka sa ta azumi? Wannan kariya ce ko ƙarya?"

"Bazazzagi me ka sani ban da shan rake? Bar ni da ita."

"To habibi, fara ɗaure kayanka."

Shugaban ya ba shi zuwa ƙarshen wata. Kullum Kawu yakan matsa gindin da ɗan yatsa. A mako na uku ya ji ya yi tauri. Saura kwana huɗu, jajayen furanni suka ɓarke a kan tsiraran rassa.

Hajiyar ta fito da sandarta, ta daɗe a tsaye, ta kira sunan mijinta. Sannan ta tambayi Kawu yadda ake ce wa bishiyar a ƙasarsu. Ya faɗa mata, ta maimaita har sau uku. Sabo ya ce, "To, yau dai gaskiya ce."

Aka sabunta bizar, ya yi shekara huɗu a gidan. A ranar da aka sabunta ta ya buga waya Bichi, ya ce a toya waina ranar Juma'a a raba wa makwabta, Allah Ya kai ladan kabarin Turai.