Karan Dawa a Madadin Adda

Shekara biyu na yi ina koyon judo a jami'a, ban kuma taɓa shiga gasa ba, don haka ba zan ce na iya ba. Amma da na gama bautar ƙasa na koma ƙauyenmu kusa da Tafoki ina jiran aiki, sai magana ta bazu cewa na san dabarun faɗa.

Wanda ya fara tuntuɓata ɗan baffana ne, wanda nake kira Yaya. Ya girme ni sosai, ya kuma yi kokawa a ƙuruciyarsa. Duk ranar kasuwar Yankara yakan kai hatsi a babur, hanyar kuwa ta lalace, ana tare mutane a ƙwace musu babura. So yake in nuna masa yadda ake karɓe adda daga hannun mutum, shi kuma ya koya mini yadda ake maƙale ƙafa a kokawa. Na ce masa abin da na sani kaɗan ne. Ya ce kaɗan ɗin yake so.

Bayan la'asar muke yi, a bayan rumbu, kan tulin ƙaiƙayi. Shi dai ya cika nasa alkawarin. In ya maƙale mini ƙafa sai na ji ƙasa a haƙarƙarina, ya ɗaga ni, ya gyara mini tsayuwa, ya sake kayar da ni. A wata guda na iya abin da ya koya mini, domin bai taɓa sassauta mini ba.

Ni ne ban yi masa haka ba. Karan dawa nake riƙewa a madadin adda, in kai masa sara, ya kama wuyan hannuna ya murɗe. A hankali nake kai saran. Da ya taɓa ni sai in saki karan in faɗi. Ina jin ban yi da niyyar yaudara ba. Hannuna ne kawai ya ƙi ɗaguwa da gaske a kan mutumin da ya goya ni ina ƙarami, wanda ko gaishe shi ba na yi a tsaye.

"Kawo da ƙarfi mana, ɗan boko," in ji shi. "Ko tuwon makaranta bai riƙe ciki?"

"Iya ƙarfina ke nan, Yaya."

Ya yi dariya, ya yarda.

Da kaka, yana dawowa daga Yankara da rana tsaka, mutum biyu suka tare shi. Ba bindiga a hannunsu, adda ce. Wataƙila da bai san komai ba da ya sauka ya ba su babur ɗin, kamar yadda wasu suka yi suka tsira. Ban tabbata ba. Abin da na sani shi ne ya kai hannu zai kama, saran ya riga shi. An ɗinke hannun a asibiti a Funtua, amma yatsu uku na dama ba su sake motsi ba, ga babur ɗin ya tafi.

Bai zarge ni ba. Cewa yake yi shi ne ya tsufa, jikinsa ya yi nauyi. Bayan ya samu sauƙi ya kira ni zaure, ya ce abokan tafiyarsa biyu daga Damari suna so in koya musu, tunda dabarar mai kyau ce, shi ne bai yi sauri ba.

Sai na faɗa masa gaskiya. Na ce ko sau ɗaya ban taɓa kai masa sara na gaskiya ba, duk faɗuwar da nake yi ni nake kai kaina ƙasa.

Ya ce, "Mi ya sa?"

"Nauyinka nake ji, Yaya."

"Da ka fasa mani kai a gida ai da ya fi." Bai ɗaga murya ba. Ya ce zai gaya wa mutanen Damari su haƙura.

Daminar da ta biyo baya ni na nome masa gonarsa, don ba ya iya riƙe fartanya. Yakan zo ya zauna a gindin ɗorawa yana kallo. In na bar ciyawa a kunya ya nuna mini da hannun hagu, in koma in gyara. Muna gaisawa, muna cin abinci a kwano ɗaya ranar sallah. Tun daga ranar zauren dai bai sake tsokanata ba.