Takardar da Tela Ya Sa wa Hannu

Maƙwabcina tela ya shekara arba'in kan keken ɗinki, bai taɓa yanka yadi bai tambayi mai shi ba. Karatu ne dai bai samu ba.

Da naƙuda ta yi wa matarsa tsawo a asibiti, likita ya miƙo masa takarda a gaban mutane: "Maigida, karanta ka sa hannu." Ya ƙura mata ido, ya gyaɗa kai, ya sa. Matar kuwa, malamar makaranta, tana bayan labule, idonta biyu.

Aka yi aiki, har da ɗaure mahaifa, wanda ke cikin takardar da ya sa wa hannu. Bai gaya mata ba har yau.

In ta ce, "Biyu Allah ya ba mu," sai ya sunkuya neman allurar da ba ta faɗi ba.