Kawu Bukar da Gwanjon Landan

Duk wanda ya san Kawu Bukar na Mafoni ya san tef ɗin tela da ke rataye a wuyansa. Bai taɓa ɗinka ko hula ba, zane yake aunawa da shi. Ko gidan suna ya shiga ya ga hoto a bango, sai ya auna tsawo da faɗi kafin ya yi barka.

Abin ya same shi ne bayan ya yi ritaya daga aikin akawu. Wani abokinsa ya nuna masa a waya an yi gwanjon zanen wani ɗan Najeriya a Landan, an saya da kuɗin da zai sayi layinmu kaf. Kawu ya dawo ya shaida wa matarsa, Ya Falmata, ya gano inda zai zuba kuɗin sallamarsa.

"A gwanjo," in ji shi.

"Haba Malam, da girmanka za ka zauna kana ɗaga wa mutane tsofaffin wanduna?"

"Gwanjon Turawa, Falmata, mai guduma."

"To Allah ya sa kada su sauke maka ita a ka."

Kafin shekara zaure ya cika da zane: masunta, raƙuma, mata masu tallan nono. Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ni ke da babbar waya, don haka da an yi gwanjo a waje ni zan nemo masa farashi da girman zanen. Sai ya raba kuɗin da inci, ya ninka da incin nasa, ya ja layi a kwalin da ya manna a bango. Layin farashi uku ne: na zane, na fili, na rago. Na zane kullum sama yake yi.

Na ce, "Kawu, can fa sunan mai zanen ake saya."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Modu, suna inci nawa ne?"

Da Babbar Sallah ta matso Ya Falmata ta yi maganar rago, sai ya jawo ta gaban kwali. "Duba, bana zane ya doke rago sau uku."

Ta ce, "Madalla. Ranar Sallah sai ka yanka mana layin."

Shekarar ambaliya kuwa, kowa na ɗaukar katifa da takardu, Kawu ya fito da zanen masunta a ka, faɗinsa kamar ƙofa, ruwa har ƙugu. Takardun fanshonsa ya bar wa ruwa. A makarantar da muka fake kowa na lissafin asara, shi yana murmushi. Ya raɗa mini, "Na mutane duk sun jiƙe. Kaya ya yi ƙaranci."

Sau ɗaya mai saye na gaske ya taɓa zuwa, Oga Emeka, mai shago a kasuwa da ya buɗe otel a Gomari. Ya taya zanen masuntan da kuɗin da zai gyara mana rufin da ruwa ya cinye. Ya Falmata har ta aika masa lemo. Kawu ya duba kwali ya faɗi farashin Landan.

Emeka ya ajiye lemon. "Baba, wannan kuɗin zai sayi otel ɗin har da ni a ciki."

"Otel ɗin dai. Kai ban san incinka ba."

Emeka ya tafi yana dariya. Kawu ya ƙara wa layi tsawo, wai ai an taya. Kwana uku Ya Falmata tana fushi da shi, mu kuma damina guda muna tara ruwa a roba a tsakar ɗaki.

Da Allah ya yi wa Kawu rasuwa, ranar addu'ar uku wani dattijo ya sauko daga keke, hannunsa na rawa. Ya ce sunansa Malam Yohanna, tsohon malamin zane ne daga kudancin Borno, yana zaune a Umarari. Yawancin abin da ke zauren nan aikinsa ne. Tun da hannun ya fara rawa kowa ya daina sayen zanensa sai Kawu. Duk wata Kawu zai je wurinsa, ya yi awa guda yana kushe fenti, sannan ya biya fiye da abin da aka ce, wai shi ba ya saye ƙasa da farashin Landan.

"Da kuɗin nan na biya wa jikokina makaranta," in ji dattijon.

Ya Falmata tana ji daga bayan labule. Ta yi dariya, dariyar ta ƙare da kuka.

Allah ya jiƙan Kawu Bukar, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya rufa wa bawan Allah asiri ba wanda ya sani, Allah ya rufa masa nasa.