Tarkon da aka ce Bature ne ya ƙirƙiro

Shekarun baya kaɗan, lokacin da nake neman izinin zama a wata ƙasar Turai ta hanyar da suke ɗaukar masu bincike, lauyata ta kira ni da wata magana mara daɗi. Ta ce takardun da na wallafa sun yi kyau, amma ba su isa ba. Sai na nuna cewa abin da na ƙirƙiro ya fita daga jami'a, mutane na amfani da shi. In ba haka ba, a manta da tafiya.

Abin da na ƙirƙiro tarkon ƙudan tsando ne, ƙudan nan da ke sa wa shanu sammore. Na sake masa fasali yadda za a ɗinka shi da yadi shuɗi da baƙi, a rataya goran fitsarin shanu a ƙasa. A bakin dajin Kamuku na gwada shi, a rugar wani Arɗo. Na ce ai kawo shaida mai sauƙi ne, na ɗauki waya don ɗaukar bidiyo na nufi Birnin Gwari, inda rugar take, ina washe baki.

Na saita waya, na ce, "Baba Arɗo, gaya wa duniya yadda shanunka suka murmure."

Ya dubi wayar, ya dube ni. "Wane shanu, Malam? Ai sun ƙare. 'Yan ragowa ne, duk ƙashi da fata."

Jama'a, a bayansa fa bijimai ne ƙosassu, har sheƙi suke yi! Sai da na kashe wayar ya ja ni gefe. "Kai ɗan birni, a dajin nan wa yake tallan shanunsa? Ga baki, ga ɓarayi. So kake a kwashe mu cikin dare?" Gaskiya ya faɗa. Duk rugar da na je haka aka yi mini, har da mai matse ƙwalla. Na dawo da bidiyon da in Turawa suka gani, cewa za su yi ni na kashe dabbobin.

Ranar kasuwa wani abokina ya ja ni cikin garin Birnin Gwari, wai in ci tsire in huce. Muna ratsa layin teloli na yi turus. Shuɗi da baƙi a rataye, rumfa bayan rumfa! Tarkona ne, har da igiyar goran.

Wani tela ya ga na ƙura ido. "Yallaɓai, shigo mana. Wannan maganin tsando ne, har daga jihar Neja ake zuwa sari. Wani Bature ne ya ƙirƙiro shi."

Na ce, "Bature? Ni ne Baturen!"

Ya ce, "Allah ya ba ka lafiya," ya ci gaba da taka kekensa. Abokina kuwa dariya har da riƙe ciki. Ni ko a jikina, na bi rumfunan ina ɗaukar hoto kamar wanda aka yi wa haihuwa. Telolin suka kwatanta mini malamin dabbobin da ya fara kawo musu samfurin, shi kuma ya shaida daga binciken nawa ya samo shi. Da lauyata ta gani, ihu ta yi a waya.

An ba ni izinin, na yi murna, amma ba ta kai ta ranar kasuwar nan ba. A nan na gane aikina ya yi nisan da bai buƙatar sunana kuma. Har yau a layin teloli Bature ake cewa. Kwanaki na kai wa mahaifiyata ƙara a waya, sai ta ce, "To ina kake zaune yanzu? Ka bar bayin Allah, ba su yi ƙarya ba."